Lambar da ke cikin reg ba ita ce adireshin da furosesa ke gani ba

Direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) na farko da na rubuta wa kanel ɗin Linux (zuciyar tsarin aikin kwamfuta) da hannuna, ba tare da na kwafo na wani ba, ƙarami ne ƙwarai. Aikinsa shi ne ya taɓa rajistocin GPIO, wato wuraren da ake rubuta lamba don sarrafa ƙafafun shiga da fita, a kan allon ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3, ya kunna wasu ƙafafu ya kashe wasu a kan lokaci. Abin da yake buƙata kafin ya fara komai shi ne ya san inda rajistocin suke. Na riga na ji cewa rubuta adireshi kai tsaye a cikin direba abin kunya ne a wajen masu wannan sana'a, saboda haka na ce zan karanto shi daga bishiyar na'urori, wato bayanin da ake miƙa wa kanel lokacin tashi domin ya san na'urorin da ke kan allo da wuraren da suke. Na buɗe gaɓar soc, wato reshen bishiyar da ke ɗauke da na'urorin cikin guntun allon, na ga sifar ranges, mai fassara adireshi, ɗauke da jerin lambobi, na lura cewa ta biyu ita ce 0x3f000000, wadda na san ita ce farkon yankin na'urori a wannan allo. Sai na rubuta abin da zai ɗauko lamba ta biyu, ya ƙara mata 0x200000, tazarar GPIO daga farkon yankin. Direba ya yi aiki, ni kuwa na ɗauka na iya karanta bishiya.

Ranar da aka ɗora wannan direba a kan Raspberry Pi 4 ya ƙi tashi. Lamba ta biyu a can sifili ce, don haka abin da na roƙi kanel ya buɗe mini shi ne 0x200000, wuri ne da ke cikin ma'adanar aiki (RAM) ta allon, ba na'ura ba. Na yi sa'a ioremap, aikin kanel da ke buɗe wa direba adireshin na'ura, ba ya yarda a buɗe irin wannan wuri a kan furosesar ARM, sai ya yi gargaɗi ya dawo mini da hannu wofi. Da ya yarda, da na riƙa zuba lambobi a kan bayanan da kanel ke amfani da su, kuma da ɓarnar ta bayyana a wani wuri mai nisa da inda na yi kuskuren. Gyaran da na fara yi ya fi kuskuren muni, ko da yake ya yi aiki: na ce idan lamba ta biyu sifili ce, a ɗauki ta uku. Wani babban abokin aiki da ya duba gyaran bai ce mini ya karɓa ko ya ƙi ba, tambaya ɗaya ya yi mini, cewa mene ne ya sa sifilin ya shigo wurin. Ban iya ba shi amsa ba, kuma daga neman amsar ne na fara fahimtar abin da nake karantawa.

Bishiyar na'urori ba ta ajiye adireshi a matsayin lamba guda. Tana ajiye shi a gurabe, kowane gurbi bit 32, kuma yawan guraben da adireshi ke ci ba abu ne tsayayye ba. Sifofi biyu ne ke faɗa, #address-cells da #size-cells, kuma wurin da suke shi ne abin da ya fi rikita sabon shiga: ba a gaɓar na'urar ake duba su ba, a gaɓar uwarta, wadda take ƙarƙashinta a bishiyar, ake dubawa. Uwa ce ke faɗin yadda za a karanta reg na 'ya'yanta, wato sifar da ke ɗauke da adireshin kowace na'ura. A ranges kuwa lissafin ya fi haka sarƙaƙiya, domin kowane layi kashi uku ne, adireshin da 'ya'ya ke gani, adireshin da ya yi daidai da shi a wajen uwa, sannan tsawon yankin, kuma faɗin kashi na farko da na uku daga gaɓar kanta yake fitowa, alhali faɗin na tsakiya daga uwarta yake fitowa. A Raspberry Pi 3 tushen bishiya gurbi ɗaya yake ba adireshi, shi ya sa layin ya zama 0x7e000000, 0x3f000000, 0x01000000. A Raspberry Pi 4, wanda ya fito a 2019 kuma daga baya aka yi mai ma'adanar gigabayit 8, bit 32 ba su isa ba, sai tushen ya koma gurbi biyu, layin ya zama 0x7e000000, 0x0, 0xfe000000, 0x01800000. Sifilin da ya kayar da ni rabin sama ne na adireshi mai bit 64. Babu abin da ya sauya a ƙa'idar. Ni ne na haddace matsayin lamba maimakon in karanta faɗinta.

Da na gane wannan sai na ga cewa tun farko ban ma kamata in leƙa ranges da kaina ba. Gaɓar GPIO tana da nata reg, kuma abin da ke ciki 0x7e200000 ne a kan allunan nan duka, tun daga na farko na 2012. Wannan ba adireshin da furosesar ARM ke gani ba ne, adireshin bas ne, wato hanyar da ke haɗa na'urorin, kuma shi ne takardun BCM2835, guntun allon farko, suke amfani da shi wajen bayanin na'urori. Idan aka cire farkon yankin daga ciki, 0x200000 ya rage, sai a ɗora shi a kan adireshin da ranges ta bayar na wajen uwa: ya zama 0x20200000 a allo na farko, 0x3f200000 a na biyu da na uku, 0xfe200000 a na huɗu. Na'ura ɗaya, reg ɗaya, adireshi uku na zahiri, kuma bambancin duka yana zaune a layi ɗaya na gaɓar uwa. A nan na ga hikimar tsarin, domin wanda ya rubuta bayanin na'urorin sau ɗaya ya rubuta shi, kowane sabon guntu kuwa ranges ɗinsa kawai yake kawowa. Lambar da ke cikin reg tana da ma'ana ne a cikin bas ɗin da gaɓar take kaɗai, kuma ba ta zama adireshin furosesa sai an haura da ita mataki bayan mataki har tushe, ana fassara ta a kowace uwa da aka ratsa.

Kanel ya riga ya iya wannan hawan. Aikin yana cikin drivers/of/address.c, kuma of_translate_address shi ne ke bin bishiyar har sama, of_address_to_resource kuma ya mayar da sakamakon ya zama yanki mai farko da ƙarshe. Ga direban na'urar da ke ƙarƙashin gaɓa mai alamar simple-bus, kamar soc, an gama fassarar tun kafin a kira shi, abin da ya rage masa shi ne ya kira platform_get_resource, ko ya taƙaita da devm_platform_ioremap_resource, wanda zai karɓo yankin, ya yi rajistarsa don kada wani direba ya hau kansa, ya buɗe shi, ya kuma saki komai idan aka cire direban. Layi talatin da na rubuta suka koma layi uku. Ba na cewa kada mutum ya koyi lissafin da hannu, domin wanda bai taɓa yin sa a takarda ba ba zai gane abin da ya faru ba ranar da fassara ta gaza. Amma koyonsa daban, saka shi a cikin direba daban.

Darasi na biyu ya zo ne a kan wani allo na gwaji da muke haɗa wa na'urori a bayan wata gadar bas. Na rubuta gaɓar gadar, na sa mata 'ya'ya, kowanne da reg ɗinsa daidai. Kanel ya ga na'urorin, ya kira direbobinsu, amma kowanne ya faɗi a wuri ɗaya, yana cewa yankin da aka ba shi ba sahihi ba ne. Na shafe yini ina duba lambobi, alhali ba lamba ce ta ɓata ba, kalma ɗaya ce ban rubuta ba. Akwai bambanci tsakanin ranges da aka rubuta babu komai a cikinta da ranges da ba a rubuta ba sam. Ta farko tana nufin adireshin 'ya'ya da na uwa ɗaya ne, a wuce da shi yadda yake. Rashinta kuwa yana nufin babu hanya daga wannan bas zuwa adireshin uwa, don haka fassara ta tsaya nan, kanel ya dawo da OF_BAD_ADDR, alamar cewa babu adireshi sahihi. A ido iri ɗaya suke, tunda duka biyun ba su ɗauke da lamba, amma ma'anarsu kishiyar juna ce.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin tarko marar dalili, sai daga baya na ga ba makawa sai da shi. Ba kowane reg ne adireshin ma'adana ba. Na'urar da ke kan I2C, wani bas na ƙananan na'urori, tana da reg, amma abin da ke ciki adireshinta ne a kan wayoyi biyu na bas ɗin, galibi bit 7, kuma #size-cells na uwarta sifili ne tunda babu wani tsawo da za a faɗa. A kan SPI, wani bas makamancinsa, reg lambar layin zaɓen guntu ce. Idan da kanel zai ɗauki rashin ranges a matsayin izinin wucewa, da na'urar da ke 0x50 a kan I2C ta zama yankin ma'adana a adireshi 0x50. An dai bar ƙofa ga wasu tsofaffin kwamfutocin Apple masu PowerPC waɗanda bishiyarsu ba ta rubuta sifar, kuma wannan ya tuna mini cewa tsarin ya girmi allunan ARM nesa ba kusa ba: daga Open Firmware, wani tsarin manhajar tada kwamfuta, ya fito, wanda aka daidaita a matsayin IEEE 1275 a 1994, Linux ya fara amfani da shi a PowerPC, sai wajen 2011 ɓangaren ARM ya rungume shi don rage tarin fayilolin da ake rubuta wa kowane allo.

Gādon nan ne kuma ya sa gurabe suke a jere da babban bayit a gaba, ko da furosesar da ke karanta su da ƙaramin bayit take farawa. Wanda ya ɗauko sifa da of_get_property ya karanta ta kai tsaye zai ga 0x7e000000 ta koma 0x7e. Na taɓa yin wannan sau ɗaya, kuma kuskure ne mai sauƙin kamawa saboda lambar da ta fito ba ta yi kama da komai ba. Wanda ya fi shi haɗari shi ne ajiye adireshi a ma'aji mai bit 32, domin zai yi shekaru yana aiki har ranar da aka sa na'ura a adireshin da ya haura gigabayit 4, sai rabin sama ya zube shiru. Don wannan aka yi phys_addr_t da resource_size_t, kuma ko a ARM mai bit 32 suna faɗaɗa idan an kunna LPAE, tsarin faɗaɗa adireshi wanda ke kai adireshin zahiri bit 40.

PCI, bas ɗin da ake soka katunan kwamfuta a kansa, shi ne ya ƙarasa cire mini tunanin cewa zan iya rubuta mai fassara guda da zai dace da kowane bas. Adireshinsa gurbi uku ne, kuma na farkon ba ɓangaren lamba ba ne, tutoci ne da ke faɗin irin yankin: na saiti ne, na shiga da fita ne, ko ma'adana ce mai bit 32 ko mai 64, da kuma ko an yarda a riga karanta shi. Duk wanda ya haɗa guraben uku ya mayar da su lamba ɗaya ya samu abin da ba ya nufin komai. Direban da dole ne ya bi layukan ranges ɗaya bayan ɗaya, kamar na mai kula da bas, yana da of_range_parser_init da for_each_of_range, waɗanda ke miƙo masa adireshin bas da na furosesa da tsawo da tutoci a rarrabe. Akwai kuma dma-ranges, mai siffa iri ɗaya amma tana duban wancan ɓangaren, wato yadda na'ura ke ganin ma'adanar aiki idan ita ce ke karatu da rubutu da kanta. A Raspberry Pi 4 na'urorin da ke ƙarƙashin soc suna ganin farkon ma'adana a 0xc0000000, kuma gigabayit ɗaya na farko kaɗai suke iya kaiwa. Direba ba ya yin wannan lissafi da kansa. Yana neman adireshin daga sashen DMA na kanel, mai kula da irin wannan karatu da rubutu, ya miƙa wa na'ura abin da aka ba shi.

Abin da ya sauya a yadda nake bincike shi ne na daina amincewa da fayil ɗin dts da ke gabana, wato rubutaccen bayanin bishiyar. Abin da kanel ya gani shi ne dtb, wato bishiyar da aka harhaɗa daga dts, da aka miƙa masa, bayan manhajar tada allo ta yi masa gyare-gyare ta ɗora masa abin da za ta ɗora, kuma wannan yana iya bambanta da abin da na rubuta. Yanzu idan direba ya kasa samun yankinsa, nakan fara ne da /sys/firmware/devicetree/base, in sa dtc, manhajar harhaɗa bishiya, ya mayar mini da bishiyar da ke aiki zuwa rubutu, in nemo gaɓar na'urar, sannan in haura da hannu: a kowace uwa in rubuta faɗin adireshi da na tsawo, in duba ko akwai ranges, in tabbatar adireshin ya faɗa cikin ɗaya daga layukanta, har da ƙarshensa ba farkonsa kaɗai ba. Lambar da na samu a tushe nakan kwatanta ta da abin da /proc/iomem, jerin yankunan adireshin da kanel ya yi wa rajista, ya nuna. A allon gadar nan, da na bi wannan hanya tun da safe, da a mataki na biyu na tsaya, a gaɓar da na manta in rubuta mata ranges.