Gyaran jitar masu kiɗan indastiriyal metal a Birmingham

Yawancin masu kawo mini aiki a shagona na Birmingham ba sanannun mawaƙa ba ne. Da rana wani direban motar kaya ne, wani ma'aikacin sito, wani malamin makaranta. Da dare sai su haɗu a wani ɗan ɗaki a unguwar Digbeth su kaɗa wa mutum 50 ko 100 kiɗan da ake kira indastiriyal metal. Jita na gurnani, ganga kuma ta inji ce, bugu take ba gajiya ba kuskure. Wanda bai saba ba zai ce hayaniya ce zalla. Ni kuwa da nake buɗe cikin kayan, ban san jitar da ta kai tasu buƙatar saiti na tsanaki ba.

Garin nan ne gidan abin. Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar Black Sabbath, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe, daga baya ya riƙa sassauta tsirkiya don yatsun su samu sauƙi, sai sauti ya yi kauri. Amma wanda samarin nan suke bi sau da ƙafa shi ne Justin Broadrick, haifaffen Birmingham a 1969. Tun yana yaro ya kaɗa jita a ƙungiyar Napalm Death, ya koma ganga a ƙungiyar Head of David, sannan a 1988 shi da G. C. Green suka kafa Godflesh, suka sa inji a madadin mai ganga. Faifansu Streetcleaner ya fito a 1989. Kamfanin Columbia ya ɗauke su a 1994, kasuwa ba ta yi yadda aka so ba, aka rabu. Ƙungiyar ta watse a 2002, Broadrick ya kafa wata mai suna Jesu, Godflesh suka dawo a 2010, har ya koma jita mai tsirkiya takwas. Shi ba abokin cinikina ba ne, amma ba a mako ban ji an ce, "Irin sautinsa nake so" ba.

To, ga inda aikin yake. In ka sassauta tsirkiya ta sauka ƙasa sosai, sai ta yi laƙwas, tana marin wuyan jita. Dole a sa mai kauri, daga lamba 42 a haura 60 ko fiye. Mai kauri kuma ba ta shiga ramin ɗan ƙashin da tsirkiyoyi suke hawa a kan wuya. Nan nake ɗaukar magagari siriri, kowace tsirkiya da nata, in goga sau biyu, in ɗora tsirkiya, in danna, in duba, in sake gogawa. In ramin ya zarce da kaurin takarda, tsirkiya za ta yi ta zizar da ba mai raba ta da ita sai an cike ramin ko an sake sabon ƙashi. Daga nan a juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya kaɗan, a bar itacen ya kwana ya zauna, washegari a daidaita tsawon kowace tsirkiya daga gindi. Mai ganga ɗan Adam yana iya rufa wa mai jita asiri. Inji ba ruwansa, in sautinka ya karkace kowa zai ji.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu kallon bidiyon minti biyar a YouTube su ɗauko wuƙar kicin. In sun lalata sai su kawo, kuma su tsaya tayi: "Ai ɗan gogawa ne kawai." Nakan miƙa musu magagarin in ce bismilla.

Hannun nan a Kano na samo shi, a shagon kawuna mai gyaran rediyo da amsa-kuwwar masallatai. Ba ya barin yaro ya taɓa kayan mutane sai ya iya narka dalma ta kwanta sumul tana sheƙi. In ya ga ta yi dunƙule ta dushe, sai ya ɓalle ta da farce ya ce, "Kai yaro, wannan ai kashin kaza ne, sake." Itace kuwa a nan na koya, wurin wani tsoho Bature da ba ya yarda da ma'auni sai ya shafa wuyan jita da babban yatsa. Har yau duk wayar jitar da ta fita daga shagona da hannu na haɗa ta, don jitar da za ta sha gumi da jijjigar mota daga Leeds zuwa Glasgow ba a yi mata aikin shafa-shafa.

Kayan jabu su ne ciwon kaina. Akwatin Boss HM-2 mai sa jita gurnani, wanda aka daina ƙera na asalinsa a 1991, masu wannan kiɗa na ribibinsa, don haka intanet ta cika da na kwaikwayo. Haka tsirkiya: kwali iri ɗaya, amma kwana kaɗan ta yi tsatsa. Wani ya kawo maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya mai ɗauke da sunan EMG 81, yana murna ya samu araha, na juya bayansa na ga ko wurin haɗa batirin bai zauna daidai ba. Ƙwayayen gilashin amfilifaya (na'urar ƙara sauti) ma, irin EL34 da ake sa wa ƙirar Marshall, a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke sun yi wuya, wani dillali ya karɓi kuɗina ya aiko mini tsofaffi a sabon kwali. Yanzu kowane ƙwai sai na ɗora shi a na'urar gwaji a gaban mai kaya.

Na san aljihunsu, kuɗin wasan dare ɗaya da ƙyar yake biyan man mota. Mai tafiyar wasa nakan sa shi gaba a layi, ya biya rabi, sauran in ya dawo. Abin da nake roƙo kawai, a kawo jita mako guda kafin tafiya, a zo da irin tsirkiyar da ake kaɗawa, a kuma gaya mini iya inda ake sassauta ta.