Maimaitawa daban, fahimta daban: shawara ga sababbin malaman firamare

Ku rubuta wannan jimla a allo ku gwada ta a kan 'yan aji uku: "Wani zulmaki ya barƙushe tirgo a gindin dalfu." Sai ku tambaya, wa ya barƙushe tirgo? Hannaye za su tashi, zulmaki. A ina? A gindin dalfu. Kowa ya ci biyu bisa biyu, alhali babu zulmaki a duniya, babu tirgo, babu dalfu, duk ƙirƙirar su aka yi. Mu da muka riga ku riƙe alli mun shafe shekaru muna ba da tambayoyin auna fahimta irin waɗannan, muna jan maki da jan biro, muna zaton yara sun gane. Abin da suka iya shi ne nemo kalmar tambaya a cikin labari su kwafe abin da ke kusa da ita. To ƙannena, duk aikin da za ku ba yaro, ku fara tambayar kanku ko zai iya cin sa da kwafi ko da hadda kawai. In zai iya, ku sake wani.

Kafin ku ce yaro ba ya fahimta, ku binciki inda matsalar take. A 1986 masu bincike biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun bayyana cewa fahimtar karatu ta dogara ne a kan abu biyu tare: iya haɗa baƙi da wasali a furta kalma, da gane harshen da aka yi rubutun da shi. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ba ya ɗaukar nauyin shi kaɗai. Gwajin ba wuya. Ku ba yaron labari ya karanta da kansa, ku yi masa tambayoyi. Sannan ku karanta masa wani mai tsawo da nauyi iri ɗaya, ku sake tambaya. In ya amsa wanda aka karanta masa amma ya kasa wanda ya karanta, haɗa baƙi ne bai zauna ba, ƙarfinsa duk ya ƙare wajen tsintar gaɓoɓi, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Wannan yaron karatu a bayyane yake buƙata, sakin layi ɗaya sau uku ko huɗu har ya yi santsi. In kuwa ya kasa duka biyun, kalmomi da sanin abin da ake magana a kai ne suka yi masa ƙaranci. Haɗa su a magani ɗaya ɓata lokacin kowa ne.

Shi ma labarin a duba nauyinsa. Masu nazarin karatu sun nuna cewa mai karatu na buƙatar sanin kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya gane shi ba tare da taimako ba. Wato a labari mai kalma 100, baƙin kalmomi kada su wuce biyar. Ku sa yaro ya naɗe yatsa ɗaya duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. In hannu ya dunƙule kafin ya gama shafi, wannan ba nasa ba ne tukuna, na karantawa tare da malami ne.

Babban kuskurenmu a koyar da kalmomi shi ne jera ashirin a allo ranar Litinin, kowace da ma'anarta ta ƙamus, a kwafa, a haddace, a yi gwaji ranar Juma'a. Mako na zagayowa sun bi iska. Kalma uku zuwa biyar sun isa a labari guda, takwas zuwa goma a mako. Wajen zaɓe, mai binciken karatu Isabel Beck da abokan aikinta sun kasa kalmomi gida uku, kuma rabon yana da amfani. Akwai na yau da kullum da yaro ya zo da su daga gida, irin su ƙofa da gudu, ba sa buƙatar darasi. Akwai na fanni guda, irin su murabba'i, waɗanda darasinsu zai koyar da su. Na tsakiya su ne abin nema, kalmomin da ke yawo a rubutu iri-iri amma ba su cika fitowa a hirar yara ba: tasiri, nadama, ƙalubale, gudummawa, takatsantsan.

A ɗauki takatsantsan. Malami ya karanta jimlar da ta fito a ciki, yara su furta ta sau biyu suna tafa gaɓoɓinta huɗu. Sai bayani da bakin da yaro zai gane: yin abu a hankali don gudun kada ka ji ciwo ko wani abu ya lalace. Sai misali biyu da ba na cikin labarin ba, tsallaka titi da ɗaukar madubi, domin in misali ɗaya ne yaro zai ɗaure kalmar a wurin, ya ɗauka ta titi ce kawai. Daga nan a juya aikin kansu: wanne ke buƙatar takatsantsan, sauka daga tsani ko kallon wata? Me ya sa? Kada ku ce "yi jimla da wannan kalma," abin da za ku samu shi ne "Ina da takatsantsan," jimlar da ba ta nuna komai. Ku ba su kan jimla su ƙarasa: "Na yi takatsantsan lokacin da..." Duk wannan bai fi minti uku ba. Sai kuma dawowa da ita, wanda shi ne aka fi mantawa. A wani bincike na 1985, Margaret McKeown da abokan aikinta sun gano haɗuwa da kalma sau huɗu ba ta kai ta taimaki fahimtar karatu ba, sau goma sha biyu ce ta kai. Don haka a taɓo ta washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata, ko da tambaya ɗaya ce a ƙofar aji.

Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka yaro zai ga "fari" bai san ko launi ba ne, ko rashin ruwan sama, ko jam'in fara. Ku jera masa jimloli uku, ya furta kowace, ya nuna kalmar da ta fayyace masa wacce ake nufi. Amma kada a mayar da "ka cinka daga jimla" dokar kullum. Wasu jimlolin ba su da wata alama, cinke a cikinsu caca ce.

Adon harshe kuma mun saba farawa da shi ta wutsiya: a rubuta ma'anar kamance, siffantawa, mutuntarwa da kambamawa, a haddace. Yaro zai kawo ma'anar siffantawa ba tuntuɓe, a ce masa "Audu zaki ne" ya tsaya yana kallonka. Sunayen su zo daga baya. A fara da abin da ke bakinsu tun kafin su shigo makaranta: taurin kai, farin jini, dogon hannu, sha wahala, cin amana. Ku sa su raba takarda biyu, a hagu su zana mai dogon hannu yadda kalmomin suka faɗa, hannu har ƙasa, a dama su zana abin da ake nufi. Dariyar da za su yi ita ce darasin, a nan suke gane magana kan faɗi abu ta nufi wani.

Kamance ya biyo baya, da tambayoyi uku da ba sa canjawa: me aka kamanta, da me, ta wace fuska? Ta ukun ce mai aikin. "Yana gudu kamar barewa," ba ƙaho ake nufi ba, sauri ne. Sai dai ku kiyayi koya musu cewa duk inda aka ga "kamar" kamance ne. "Kamar za a yi ruwa" zato ne, "dabbobi kamar akuya da tunkiya" misali ne. Ku cakuɗa irin waɗannan cikin aikin, in ba haka ba farautar kalma ɗaya za su koya. A siffantawa, a rubuta duk abin da suka sani game da zaki, geza, ƙafa huɗu, ƙarfi, rashin tsoro, sannan su soke waɗanda ba za su hau kan mutum ba. Abin da ya rage shi ne ma'anar.

Karin magana a bar shi ƙarshe, ya fi dacewa daga aji huɗu zuwa sama. Ba da rabi a ƙarasa rabi, "Komai nisan jifa...", hadda kawai yake aunawa. A ba da yanayi biyu, yaron da ya ga an hukunta abokinsa kan makara sai ya fara sammako, da yaron da ya taimaki abokinsa da aikin gida, a tambaya wanne ya dace da "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa." Da yawa za su zaɓi na biyu saboda sun ji ɗan'uwa da wuta sun ɗauka taimako ne. Wannan kuskuren ya fi amsa daidai amfani, don ya nuna inda za a tsaya a yi bayani.

Ga gajeren labari: "Hadari ya haɗu tun da hantsi. Ladi ta dubi sama, ta kwashe shanyar da ta yi, ta kira ƙaninta daga waje. Ba a jima ba sai ga kaji suna rige-rigen shiga akurki." Tambayar wa ya kwashe shanya ba laifi ba ce, amma ɗaya ko biyu irinta sun isa. Me ya sa Ladi ta kwashe shanyar? Me ya kori kajin? Labarin bai ambaci ruwa ko sau ɗaya ba, yaro ne zai haɗa hadari da shanya da kaji ya fito da shi. A biyo kowace amsa da "nuna mini inda ka gani." A cikin tambayoyi shida, biyu su zama na fili, uku na haɗawa, ɗaya ta ra'ayi mai dalili. A riƙa kuma tambayar wa ake nufi da "ta" ko "shi" a jimla kaza, domin a nan yara da yawa ke ɓacewa ba wanda ya lura.

Labarin da yaro bai san duniyarsa ba yana buƙatar share fage. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun ba ɗalibai a Amurka rubutu kan wasan besbol, sai masu raunin karatu da suka san wasan suka fi gwanayen karatun da ba su san shi ba. Minti biyar na hira ko hoto kafin a buɗe littafi ba asara ba ce.

"Kun gane?" kuwa a daina. Amsarta "E" ce kullum, da murya ɗaya. A jefa tambaya, a yi shiru, sannan a kira suna. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Wajen duba aiki, kada a tsaya ga jan kuros. A gefen kowace amsar da ba daidai ba a sa alama ɗaya cikin uku: bai san kalmar ba, ya ɗauki adon harshe a zahiri, ko ya kwafo layin da ke kusa. Alamar da ta fi yawa a littattafan ajin ita za a fara da ita gobe.