Kwana Tara a Otal Mai Sauƙin Kuɗi a Wani Ƙaramin Tsibiri

Kwale-kwale mai inji ya sauke mu a mashigar garin bayan la'asar, ni da jakata guda ɗaya da takardar da na rubuta sunan otal ɗin a kanta. Garin ƙarami ne ƙwarai. Titi ɗaya ne ya bi gaɓar teku daga wannan kai zuwa wancan, sauran duk lunguna ne da ke kutsawa cikin itatuwan kwakwa, kuma mutum zai iya zagaye shi da ƙafa kafin ya gaji. Na kama ɗakin ne ta intanet tun kafin in taso, domin kuɗinsa ya yi daidai da aljihuna, kuma hoton da aka saka ya nuna gado mai farin zani da taga mai kallon teku. Na yi niyyar kwana bakwai, na ƙare da kwana tara, kuma mafi yawan abin da na koya a cikinsu ya shafi iska da ruwa ne, abubuwa biyu da babu hoton da ke iya nuna su.

Otal ɗin bene ne hawa ɗaya mai rufin kwano, da ɗakuna goma sha ɗaya da ƙaramar farfajiya mai rijiya a tsakiya. Wani dattijo ne mai shi, wanda kowa ke kira Baba, sai ɗan ƙanensa, saurayi mai kuzari, wanda shi ne mai karɓar baƙi, shi ne mai shara, shi ne kuma mai tayar da janareta. Ɗakin da aka ba ni yana ƙasa ne ta bayan gini, da banɗakinsa a ciki. Yana da tsabta, zanin gadon ma fari ne kamar yadda na gani a hoto, amma tagarsa ɗaya ce, kuma bangon maƙwabta take kallo. Ban damu ba, saboda akwai fanka a silin, tana juyawa yadda ya kamata.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare wuta ta ɗauke, fankar ta tsaya, kuma cikin rabin sa'a ɗakin ya zama kamar tanderu. A daren na fahimci bambancin zafin tsibiri da zafin da ke da bushewa. Gumi yana sanyaya jiki ne idan ya bushe, amma iskar da ta riga ta ƙoshi da danshin teku ba ta da wurin karɓar wani, don haka gumin yakan tsaya a fata, katifa ta jiƙe, mutum ya yi ta juyi. Janaretan gidan kuwa ba a tayar da shi tsakar dare, domin man da yake sha ma a kwale-kwale yake zuwa, kuma duk abin da ya hau ruwa kafin ya iso, tsadarsa ta ƙaru.

Da gari ya waye na sami Baba a baranda, muka gaisa, na ce masa, "Baba, jiya fa ban runtsa ba." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai da ka yi magana tun da yamma. Taso in nuna maka wani wuri." Ya hau da ni sama ya buɗe wani ɗaki na kusurwa, wanda bai kai na farko girma ba, kuma banɗakinsa na haɗaka ne a ƙarshen baranda, amma yana da tagogi biyu masu fuskantar juna. Yana buɗe su labule ya tashi. Ya ce baƙi kusan duka ɗakin ƙasa suke nema saboda banɗaki, shi kuwa da shi ne baƙo, wannan zai ɗauka. Kuɗinsu ɗaya ne. Na kwashe kayana nan take.

Dalilin wannan iska sananne ne. Da rana ƙasa tana saurin ɗaukar zafi fiye da teku, iskar da ke kanta ta yi sama, sai mai sanyi ta shigo daga teku ta maye gurbinta. Da dare ƙasa tana rigan teku hucewa, sai iskar ta juya ta nufi ruwa, ko da yake ba ta kai ta rana ƙarfi ba. Ɗakin da ke da tagar shiga da tagar fita yana amfana da duka biyun, mai taga ɗaya kuwa iska ba ta ratsa shi. Tun daga wannan rana, idan zan kama ɗaki a irin wannan wuri, tambayata ta farko ita ce tagogi nawa ne kuma ina suke kallo, ta biyu kuma ita ce ƙarfe nawa ake kashe janareta. Ɗakin da aka gina shi domin na'urar sanyaya ɗaki, wanda aka toshe kowace kafa tasa, shi ne mafi wahalar zama idan wuta ta tafi, kuma a ƙaramin tsibiri tafiyarta ba abin mamaki ba ce.

Maganar ruwa ita ce ta fi tsaya mini a rai. A wankana na farko na lura sabulu ya ƙi yin kumfa, jikina kuma ya yi danƙo bayan na goge. Da na ɗanɗana, sai na ji zartsi. Na ɗauka famfon ne ya lalace, amma saurayin nan ya nuna mini cewa ruwa iri biyu ne a gidan: na rijiya, wanda ake turawa tankin sama domin wanka da wanki da banɗaki, da kuma na sama, wanda ake tarawa daga indararon rufi zuwa wani babban tanki mai murfi da kwaɗo. Wannan na biyun shi ne dukiyar gidan, kuma Baba ne kaɗai ke riƙe da makullinsa.

A tsibirai masu ƙasar rairayi da murjani babu kogi, domin ruwan sama yana nutsewa ne kai tsaye. Yana sauka ya tarar da ruwan teku da ya riga ya ratsa ƙarƙashin tsibirin, kuma tun da ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, sai ya zauna a kansa kamar yadda mai ke zama a kan ruwa. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma wannan ɗan bambancin nauyi shi ya sa masana ke lissafin cewa duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗaga sama da matakin teku, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Abin tsoron yana cikin juyin lissafin, domin idan aka ja ruwan rijiya da inji har matakinsa ya sauka kaɗan, gishirin da ke ƙasa yakan taso da ninkin wannan sau arba'in, kuma rijiyar da ta yi zartsi ba ta komawa daidai sai bayan ruwan sama mai yawa da kuma haƙurin barinta ta huta. Baba bai faɗa mini wannan da alƙaluma ba. Abin da ya ce shi ne, yana yaro da guga ake jan rijiyar kuma ana shan ruwanta, amma tun da gidajen baƙi suka yawaita kowa ya saka injin ja, ɗanɗanonta ya sauya.

Wannan matsala ta kai wasu ƙasashe ga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A 2011 ƙasar Tubalu da ke tekun Fasifik ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda fari ya ƙarar da ruwan tankunanta, sai da aka kai mata na'urorin tace ruwan teku ta jirgin sama. A Disamban 2014 gobara ta kama wurin tace ruwa na Male, babban birnin Maldibs, har sai da Indiya da wasu ƙasashe suka riƙa kai ruwan sha. Wanda ya san wannan ba zai ga laifin ƙaramar takardar da aka manna a ƙofar banɗakin haɗakarmu ba, mai roƙon baƙi su taƙaita wanka. Ni dai daga kwana na uku na koma wanka da bokiti ɗaya, na kuma daina ba da tawul wanki kullum. A ganina baƙon da ya biya kuɗi kaɗan ko mai yawa ba shi da haƙƙin ƙarar da ruwan da mutanen gari za su rayu da shi bayan ya tafi.

A dare na biyar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙarar kwano ta hana hira, amma na ga saurayin ya fita da tocila, ya bar ruwan farko ya zube ƙasa domin ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye daga rufin, sannan ya mayar da bututun cikin tanki. Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 zai tara kusan lita 1,000 daga ruwan milimita 10. Da safe fuskar Baba ta nuna abin da tankin ya samu. Duk da haka, ruwan shana tafasasshe ne ko na gora mai hatimi, domin ruwan tanki, komai kyawunsa a ido, bai tsira daga ƙwayoyin cuta ba.

Bayan ruwan sama sai sauro. Gidan sauron da ke ɗakina yana da ɓula biyu, na ɗinke su da zare da allurar da na aro, kuma ina ba duk matafiyi shawarar ya duba nasa da rana tun kafin duhu, musamman da yake kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, magariba ba ta jinkiri, rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duhu ya rufe cikin ɗan lokaci. Sai dai gidan sauro rabin kariya ne. Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya da dare yake cizo, amma mai kawo zazzaɓin dengi, wanda ake ganewa da fararen zane a ƙafafunsa, da rana yake farauta, ya fi yawa da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana, kuma yana ƙyanƙyasa ne a ruwa mai tsabta da ya kwanta a ɓawon kwakwa ko tsohuwar taya ko tankin da ba a rufe ba. Saboda haka man korar sauro da riga mai dogon hannu sun fi amfani a lokacin zaman baranda. Wanda zazzaɓi ya kama a irin wannan wuri ya nemi ma'aikacin lafiya da wuri, kuma kada ya sha asfirin ko ibufurofen kafin a tabbatar ba dengi ba ne, domin suna iya ƙara haɗarin zubar jini.

Gishiri da danshi ba su bar kayana ba. Zif ɗin jakata ya fara cijewa, takalmin fatar da na tura ƙarƙashin gado ya yi fumfuna cikin kwana shida, rigar da na shanya a cikin ɗaki kuma ta kwana biyu ba ta bushe ba. Wannan ya sa na daina ɗora wa masu gidan laifin tsatsar da na gani a makullai da ƙarafan taga, domin a bakin teku ƙarfe yana tsatsa ko da ana kula da shi. Abin da ya kamata a auna otal da shi shi ne zanin gado, da ɗinkin katifa inda kuɗin cizo ke ɓuya, da warin banɗaki, da kuma ko ƙofa tana kulluwa daga ciki. A duk waɗannan gidan Baba bai gaza ba.

Na'urar cire kuɗi ɗaya ce a garin, kuma kwana uku cikin tara ba ta aiki, otal ɗin kuwa kuɗin hannu kawai yake karɓa. Abin da ya cece ni shi ne na zo da abin da ya fi lissafina, na raba shi wuri biyu, kuma na nemi a rubuta mini rasit tun ranar farko da kuɗin kowane dare a kai.

Amfanin wannan rarar ya bayyana ranar da zan tafi. Mashigar garin ba ta da zurfi, don haka kwale-kwalen fasinja yana shiga ne kawai idan teku ta cika. A wannan gaɓar teku tana cika sau biyu a yini, kuma lokacin cikar yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, yana bin tafiyar wata, ga shi kuma cikar da janyewar sun fi tsanani a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Ni kuwa na riƙe lokacin da na iso ne a kaina, ban yi la'akari da cewa mako guda ya matsar da shi da kusan sa'a shida ba. Na isa mashiga da jakata na tarar da kwale-kwalen ya tashi tun da hantsi, ruwa ya ja baya, ƙananan jiragen masunta suna kwance a kan laka. Washegari kuma iska ta taso, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, matuƙan suka ce ba za su fita ba, kuma na ga gaskiyarsu. Da na sa tikitin jirgin samana ya biyo bayan ranar fitata kai tsaye, da na yi asararsa, amma na bar tazarar kwana uku a tsakani, biyu daga ciki kuwa teku ta cinye.

Da na koma otal da jakata a ranar da kwale-kwalen ya tafi ya bar ni, Baba bai ƙara mini ko sisi a kan kuɗin ɗakin ba, ko da yake ya san ba ni da wani zaɓi. Ya ce, "Ɗakinka yana nan, ba mu ma cire zanin ba." A daren ƙarshe ya aiki ɗan ƙanensa wurin matuƙin ya tambayo lokacin tashi, sannan washegari ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da kansa da lokacin ya gabato. Na miƙa masa makulli, na rufe tagogin nan biyu saboda hadarin da ke haɗuwa ta gabas, saurayin ya ɗauki jakata muka gangara mashiga, inda ruwa ya riga ya kai matakala ta uku kuma matuƙin yana kwance igiya.