Asabar, da duwatsun da aka goge

Tun Laraba Kawu mai sayar da tsofaffin kaya ya kira ya ce akwatin nan na tsohon sikelin auna kuɗin zinariya ya iso, in zo in gani kafin wani ya riga ni. Ya turo ɗan bidiyo ta WhatsApp, hannunsa na rawa, amma na ga abin da nake son gani: duwatsun awon, 'yan ma'aunan nan na tagulla, suna nan a gurabensu, baƙi-baƙi, ba wanda ya taɓa su. Ana idar da asuba na bar Agege. Hanya ba laifi har Oshodi, daga nan sai gosulo. Yayyafi a kan gada. Mai shayinmu na Obalende ya sake ƙara kuɗin burodi, ya ce ba shi ba ne, fulawa ce.

Na tarar Kawu ya tafi gaisuwar rasuwa, sai sabon yaron nan da aka kawo masa daga gida bayan Sallah. Yaro ne mai ladabi, har ƙasa yake gaida mutane. Yana hango ni ya miƙe da fara'arsa.

"Oga, sannu da hanya. Na gyara maka kayanka. Wallahi sai ka ce yau aka ƙera su."

Gabana ya faɗi tun bai buɗe ba.

Akwatin ɗan ƙarami ne na katako, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, murfin da 'yan ƙugiyoyi biyu na waya. A ciki akwai siririyar sandar sikeli ta baƙin ƙarfe, da faranti biyu na tagulla rataye da zare, sai ramukan da aka sassaƙa a jikin katakon, kowane dutse da gurbinsa. Takardar da ke manne a cikin murfin ta yi ja don tsufa, jerin kuɗaɗen zinariya ne da nauyin kowanne. Wannan bai taɓa ba, alhamdu lillahi. Amma duwatsun! Suna walƙiya har suna kashe ido. Na ɗauki babban, mai sule 21, na kai shi bakin ƙofa wajen haske. Duk jikinsa layi-layi ne. Kusurwoyinsa sun lafe. Lambar 5 da 8 da aka buga masa sai ka karkata shi kafin ka karanta, ɗan hatimin kambin da ke gefe kuwa rabinsa ya tafi.

Na ce, "Da me ka goge?"

Ya ce da farko lemun tsami da toka, da baƙin ya ƙi fita ya karɓo samfefa wajen kafinta, sannan ya bi da man goge tagulla. Jiya har bayan isha'i yana kai. Ya nuna min yatsunsa, sun yi kore.

Ban iya ce masa komai ba. Na zaro ɗan sikelina na batir daga jaka na ɗora dutsen. Wannan dutse na tsabar zinariyar Ingila ne da ake kira gini, wadda aka fara bugawa a 1663 da zinariyar da ake kwasa daga gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma, aka tsayar da darajarta a sule 21 a 1717. Lambobin da ke jikinsa awon Turawa ne na da: awon feni 5 da ƙwaya 8, kowane awon feni ƙwaya 24, jimla ƙwaya 128, wato giram 8.29. Sabuwar tsaba ta ɗara haka kaɗan, kusan giram 8.4. Wannan dutsen iyaka ce: tsabar da ta gaza shi ta cinye, ba za a karɓe ta a cikakkiyar darajarta ba. Sikelina ya tsaya a 8.17. Na hure farantin, na sake ɗorawa. Haka dai. Kusan ƙwaya biyu sun bi samfefa.

Ina nan zaune da shi a hannu Kawu ya shigo. Kallo ɗaya ya yi wa akwatin ya gane. Ya juya kan yaron zai fara, na ce Kawu don Allah, ba a gabana ba, kuma bayana ma kar a yi. Sai ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "To ɗana, abin da ya faru ya faru. Zan rage maka."

Na ce ba maganar ragi ba ce.

Ya ce, "To maganar mece ce? Wa zai auna zinariya da shi? Kuɗin da ake aunawar ma suna ina?"

Na ce an daina buga su tun 1813.

Ya ce, "Ka ji ko. Shekara ɗari biyu da ɗoriya. Kai kaɗai ne a duk Legas za ka ɗora wannan abu a sikeli. Masu zuwa nan ido suke saye. Wani in ya ga baƙi ya ce datti, wani in ya ga walƙiya ya ce sabo ne. Ni kaina na rasa wanda zan bi."

Maganarsa ba ƙarya a ciki, ni ma na sani, shi ya sa ta tsaya min a wuya har yanzu da nake rubutun nan. Na ce Kawu, in tulun tagulla ne aka goge, ko tire, ko kan sanda, kyau ne kawai ya ragu ko ya ƙaru, kowa da idonsa. Shi wannan ba shi da wani aiki a duniya sai nauyinsa. An ƙera shi ne a lokacin da mutane a Ingila suke yanke gefen tsabar zinariya, suna gurza ta, suna zuba ta a jaka su yi ta girgizawa don su tara garin. Abin ya yi yawa har a shekarun 1770 gwamnati ta janye zinariyar da ta yi sauƙi ta sake bugawa, a 1775 kuma aka naɗa John Whitehurst, maƙerin agogo na garin Derby, ya riƙa duba duwatsun awon kuɗi yana buga musu hatimi. Ɗan kambin nan da ya goge shaida ce cewa wani ya ɗora dutsen nan a mizani ya ce ya cika. Mai kanti ya yarda da shi, wanda ya kawo kuɗi ya yarda da shi, ba su san juna ba amma sun rabu lafiya. Yanzu jikinsa yana cewa 5 da 8, alhali ba haka yake ba. Kuma dubi ɓangaren da ƙaryar ta faɗa: tunda dutsen ya yi sauƙi, tsabar da aka gurza za ta rinjaye shi ta wuce a matsayin cikakkiya. Wanda aka ƙera shi don ya kare, shi zai cuta.

Kawu ya yi shiru. Can ya ce, "Mudun da aka buga wa gindi ke nan."

Na ce shi ke nan, Kawu.

Ya ce, "Amma shi mai buga mudu da gangan yake yi."

Na ce ai shi ya sa na ce kar a yi wa yaro faɗa.

Yaron yana tsaye a bakin ƙofa duk yana ji. Idonsa ya kawo ruwa. Na kira shi na ce zo ka gani, na ɗora masa ƙaramin dutsen, mai sule goma da sisi, na nuna masa yadda lamba take sauka. Ya tambaye ni ko za a iya mayar masa da abin da ya tafi, a ɗiga masa dalma a ƙasa. Tambayar ta burge ni, don a da ana gyara wasu duwatsun awo da dalma. Na ce ana iyawa, amma sai ya zama nauyina ne da na maƙerin Agege, ba na wanda ya buga kambin ba. Gara a bar shi yadda yake a faɗi gaskiyarsa.

Daga nan Kawu, don ya sanyaya min rai, ya jawo durowar ƙasa wadda ba ya buɗe wa kowa. Sai ga abin da na daɗe ina nema: ɗan ma'aunin fam na zinariya, irin mai lilo. Tagulla zalla, tsawonsa bai fi yatsa da rabi ba, baƙi ƙirin, ko ruwa bai gani ba. Nan take na manta da fushi. Ba shi da dutse ko zare. Sanda ce guda a kan ɗan gindi, gefe ɗaya da nauyi a manne, ɗaya gefen da gurabe biyu masu zagaye, na fam da na rabin fam, kowanne da tsaga a tsakiya. Fam ɗin zinariya da aka fara bugawa a 1817 nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, zinariya karat 22. Gwaji uku yake yi a lokaci guda: tsaba ta zauna daidai a gurbi, ta rinjayi sandar, ta kuma ratsa tsagar. Na yi wa yaron bayani, don na ga yana so. Zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19 da ɗoriya, dalma sau 11 da ɗoriya kawai, tagulla ko 9 ba ta kai ba. Mai jabu in ya daidaita girma, tsabarsa ba za ta ɗaga sandar ba. In ya ƙara kauri don nauyi ya cika, ba za ta shiga tsagar ba. Ta kowace hanya an kama shi, kuma mai kantin da bai iya karatu ba ma zai iya gwajin cikin ƙiftawar ido. Yaron ya ce, "Kai! Ba batir?" Na ce ba batir. Kawu ya yi dariya har da tari.

Na biya duka biyun, akwatin a farashin da muka yi tun Laraba. Kawu ya yi ta cewa in karɓi ragi, na ƙi, don na san daga ina za a cire shi.

Azahar a masallacin kasuwa. Shinkafa da wake a wajen Hajiya, yaji ya yi yawa. Baffa ya kira kan maganar haya, na ce sai Litinin.

A mota ne abin ya dawo min. Kan teburin Kawu akwai tarin 'yan siffofin tagulla na Asante, tsuntsaye da kada da masu zane-zane, irin waɗanda ake auna garin zinariya da su a ƙasar Akan har zuwa wajen 1900. Kawu ba ya ɓoye wa kowa cewa yawancinsu sababbi ne, ana zuba su da kakin zuma a wajejen Kumasi har gobe, wasu masu sayarwa kuma su shafa musu baƙi don su tsufa. Yaron nan kullum yana ganin haka. Yana ganin ana baƙanta sabo, ga kuma tsoho an ce na babban baƙo ne, sai ya yi abin da zuciyarsa ta ce masa kyautatawa ce. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce wannan ado ne, wannan kuma ma'auni ne. Mu da kakanninmu fatake suka yi ta zirga-zirgar Gwanja, suna shiga Salaga sayen goro, inda zinariya take tafiya da awon miskali. Mu da har yau malamai suke lissafa mana nisabin zakka da dinari 20, kusan giram 85, da mafi ƙarancin sadaki da rubu'in dinari. Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan cewa dinari giram 4.25 ne, kuma an iya tabbatar da hakan ne saboda tsabar zamanin Abdulmalik bin Marwan da duwatsun awo na gilas da aka yi a Masar sun iso hannun masu bincike ba a gurje su ba. Da kowane ƙarni ya samu mai samfefa mai kyakkyawar niyya, da yanzu sai dai mu yi ta kintace.

Abin da ya fi damuna, ban san duwatsu nawa irin wannan suke bi ta hannun 'yan gwangwan a garin nan ba tare da kowa ya duba jikinsu ba. Tagulla ce, ana saye da kilo, ana narkarwa. Na taɓa roƙon na layinmu ya riƙa ware min duk abin da ya ga lamba a jiki. Ya kawo min kan famfo da makullin ƙofa, amma dai yana ƙoƙari.

Na iso gida bayan magariba, ba wuta. Uwargida ta ga akwatin ta ce wannan karon dai na sayo mai kyau, yana sheƙi. Ban ja maganar ba. Auta ta so ta yi wasa da mai lilon, na ba ta naira ɗaya ta ƙarfe ta gwada, ta ga ba ta zauna a gurbin ba, ta ce jabu ce, ta tafi tana gaya wa yayyenta.

Na rubuta wa dutsen katinsa da fitilar waya, kamar sauran: abin da aka buga a jikinsa, abin da sikeli ya nuna yau, da cewa an goge shi da samfefa a Legas. Ban sa sunan kowa ba. Zan ajiye shi a gurbinsa cikin akwatin, ba zan raba shi da 'yan uwansa ba.

Kawu ya ce akwai wani kwali da ke zuwa daga Kwatano ƙarshen wata, wai da sikelin masu sayar da magani a ciki. Na tura masa saƙo yanzu cewa in ya iso a bar shi a ɗaure har in zo, kuma yaron ne nake so ya kwance shi, ni ina gefe.