Tangaraho ya tafi, waya ta zauna

Sati na biyu ke nan da fara koyon fassarar labarai a wani gidan rediyo a Jos aka miƙo min rahoton damben boksin. Mai rahoton ya ce ɗan damben ya yi "telegraph" da naushinsa. Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa ya aika wa abokin karawarsa saƙon tangaraho, irin gajeren saƙon da ake bugawa ta waya a da. Editanmu, dattijon da kowa ke kira Baba, ya karanta, ya sauke tabarau.

"Ɗana, a tsakiyar fagen aka kafa gidan wayar?"

Ashe abin da Bature ke nufi shi ne ɗan damben ya bari an gane inda hannunsa zai sauka tun bai kai duka ba. Kunya ta sa na bi diddigin kalmar. Girkanci ce, "nesa" da "rubutu" aka haɗa. Ta ma girmi wayar lantarki, domin a Faransa an riga an kira hasumiyoyin Claude Chappe masu aika saƙo da alamu da wannan suna tun shekarun 1790. Sai a 1844 Samuel Morse ya aika nasa saƙon daga Washington zuwa Baltimore, a 1886 kuma wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan.

Baba bai damu da Girkanci ba. Shi abin da ke ba shi sha'awa, Bahaushe ya ari "tangaraho", amma igiyar ƙarfen da ya gani a kan turaku, wato waya, ita ya riƙe. Daga nan muka samu gidan waya, ko da wasiƙa ka je saka wa. A ganinsa, "buga waya" ma daga ƙwanƙwasar da akawu ke yi wa na'urar ta samo asali. Na yarda da shi, don har yau bugawa muke yi, alhali salula ba ta da igiya ko ɗaya.

Ya ce zamanin hukumar gidan waya da tangaraho ta P&T, kafin a kafa kamfanin tarho na NITEL a 1985, kowace kalma a saƙon tangaraho kuɗi ce. Ba gaisuwa, ba "bayan haka". "Inna ba lafiya zo maza", shi ke nan.

Daga ranar, in na kai masa labari sai ya ɗauki jan biro ya tambaye ni, "Wannan kalmar, za ka biya mata?" Yawanci shiru nake yi, shi kuma ya soke ta.