Ashe ƙasan gida nake biya wa kuɗin ɗumi

Shekara huɗu na yi a unguwar Bronx ta birnin Niyok ban taɓa tambayar daga ina ɗumin ɗakina yake fitowa ba. Akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari a gindin taga, da asuba sai ya fara ƙwanƙwasa yana huci, ɗaki ya ɗauki zafi, shi ke nan. Dokar birnin ta ɗora wa mai gida nauyin ɗumama gidan haya daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. In zafin ya yi yawa, taga muke buɗewa ana tsaka da zubar dusar ƙanƙara. Tunda ba ni ake kawo wa takardar kuɗin ba, ina ruwana.

Da iyali suka iso daga Kano, ɗaki ɗaya ya yi mana kaɗan. A 2017 muka tattara muka koma jihar Minisota, shekara na zagayowa muka samu wani ɗan tsohon gidan katako a wajen Miniyapolis. Ranar da aka miƙa mini mukulli har sujada na yi. Ban leƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kyau ba, na dai ga wani akwatin ƙarfe mai tsayin mutum, da bututun langa-langa sun fita daga kansa ta ko'ina kamar rassan kuka. Aka ce mini sunansa fanes, shi ke ƙona gas ya hura iska mai zafi cikin ɗakuna, da bazara kuma ta waɗannan bututun ne sanyin iyakwandishan ke bi. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Sai ƙarshen Janairun 2019 ya zo. Duk wanda yake jihar nan a lokacin bai manta ba. Sanyi ya kai 28 ƙasa da sifiri a ma'aunin Faranhait, wato wajen 33 ƙasa da sifiri a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Aka rufe makarantu, hatta masu raba wasiƙa aka dakatar da su. Fanes ɗinmu ba ya hutawa dare da rana, falo da ɗumi daidai gwargwado, amma ɗakin baya inda autarmu ke kwana kamar cikin firji. Tsohon mai gidan ne ya ƙara ɗakin daga baya, kuma ba ya bisa ɗakin ƙarƙashin ƙasa kamar sauran gidan, wani kogo ne a ƙarƙashinsa da bai kai tsayin ƙugu ba. Ka ɗora hannu a kan ragar da ke daɓe inda iska ke fitowa, sai ka ji ɗan huci kamar numfashin jariri.

Muka dawo da yarinyar ɗakinmu. Da takardar gas ta zo, sai da na zauna. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wai ba a sayar da gawayi a garin nan ne? Mu sa kasko a ɗakin mana, kamar yadda Inna ke yi da hunturu." Maganar gaskiya ban ga aibun shawarar ba. Da kaskon garwashi aka rene ni.

Allah ya taimake mu na yi zancen a masallaci bayan sallar Juma'a. Yawancin masallatan Somaliyawa ne, mu masu jin Hausa ba mu taka kara mun karya ba, shi ya sa duk inda ka ji "sannu" sai ka waiwaya. Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke kira Baba, ya daɗe yana aikin gyaran na'urorin ɗumi da sanyi. Hausarsa irin ta zango ce, babu ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne. Ina ambatar kasko ya damƙi hannuna. Ya ce, "Ɗana, kada ka kuskura. Gidan Kano iska na shiga ta ƙofa, ta taga, ta indararo. Gidan nan a rufe yake ruf. Ka sa gawayi, ku kwanta, ba wanda zai tashi." Ya yi mini bayanin iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ya ce ma dokar jihar ta wajabta a sa ƙararrawarta tsakanin ƙafa 10 da kowane ɗakin kwana. Sannan ya ce zai zo ranar Asabar, in tanadi tocila da tsofaffin kaya.

Tsofaffin kaya. Nan fa ɗaya. A Kano ni ma'aikacin ofis ne, ko ƙwan lantarki ya mutu yaro nake aika a kira mai wayarin. Mutum mai babbar riga ba ya rarrafe a ƙasa, haka muka taso muka gani. A nan kuwa mai gyara yana da kuɗin da zai caje ka don kawai ya ƙwanƙwasa maka ƙofa, kafin ya taɓa komai. Da likita da direba duk ranar Asabar a shagon kayan gini za ka same su. Na daɗe ina yi wa abin kallon rowa.

Da Baba ya zo, bai fara da ɗakin auta ba. Ya tsayar da ni gaban fanes ya ce in nuna masa bututun da ke kai iska da wanda ke dawo da ita. Ban ma san kashi biyu ba ne. Ashe gidan numfashi yake yi: fanka tana zuƙo iskar ɗakuna ta wasu manyan bututu, ta bi da ita ta matatar ƙura, a ɗumama ta, a sake tura ta ta wasu. Duk inda gaɓa ta buɗe a hanyar tafiya, ɗumin da ka saya zai tsiyaye inda ba kowa. Inda ta buɗe a hanyar dawowa kuma, ƙura da danshi da sanyin ƙasa za a zuƙo a raba wa 'ya'yanka. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa a gida irin na kowa da kowa, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututu a hanya take salwanta.

Ya je ya kashe wutar ɗumin daga tamostat, wato 'yar na'urar saita zafin gida, ya bar fanka ita kaɗai tana juyawa. Ya laluba jakarsa, ashe ya manta ɗan abin da suke fitar da hayaƙi da shi. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, akwai turaren tsinke?" Gidan Bahaushiya a rasa turare? Ta sauko da fakiti guda.

Abin da na gani da wannan tsinken ya fi duk bayanin da aka yi mini. Ka bi gaɓar bututu da shi a hankali, hayaƙin na tashi siriri a miƙe, kwatsam sai ya watse kamar an hure shi. To nan iska ke fita. A ɓangaren dawowa kuma sai ka ga hayaƙin ya lanƙwasa ya shige cikin tsaga kamar ana jan zare. Mafi munin wurin shi ne inda babban akwatin da bututun ke fita daga cikinsa ya haɗu da kan fanes, sai bakin da ake zura matatar ƙurar, wanda ba shi da murfi sam. A wani wurin ma babu bututu ko kaɗan, magina sun buga fallen kwano ne a ƙasan katakan daɓe guda biyu, tsakaninsu ya zama hanyar iska, gefe da gefe duk a buɗe. Baba ya nuna mini wata alamar da ba ta bukatar turare: inda duk ka ga baƙin layi a jikin audugar gilashin da aka naɗe bututu da ita, ƙura ce ta shekaru da iska ta tace a wurin.

Wani abin dariya, gaɓoɓin duk an taɓa naɗe su da salatif ɗin nan mai ruwan toka da Amurkawa ke kira dok-tef, wato salatif ɗin bututu. Yana taɓa shi ya zubo kamar busasshen ganye. Masu bincike a cibiyar Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun gwada shi tun 1998, suka tarar zafi na busar da dankonsa ya saki. Abin da aka raɗa wa sunan bututu, a kan bututu ne ya fi rashin amfani.

Daga nan ya buɗe wata 'yar ƙofa a bango ya miƙo mini tocila. "Bismilla, gidanka ne." Na shiga kogon da rarrafe, gwiwa a kan tsakuwa, yanar gizo-gizo a fuska. Abin da ya fara ba ni mamaki, wurin da ɗumi. Ya fi ɗakin da ke samansa ɗumi nesa ba kusa ba. Ina haska tocila sai ga dalili: bututun da ke zuwa ɗakin auta irin mai laushin nan ne mai waya a ciki, ya zame daga bakinsa, yana rataye da ɗan guntun salatif, yana ta feso iska mai zafi a kan ƙasa. Wata uku ina fita aikin dare ina biya wa gizo-gizo da ɓeraye kuɗin hita. Na yi salati da ƙarfi, na jiyo Baba yana dariya daga waje.

Gyaran ba wuya. Aka jawo rigar cikin bututun aka zura ta a bakin ƙarfen, aka ɗaure da maɗaurin roba mai haƙora, aka maido da audugar da rigar waje aka sake ɗaurewa. Gaɓoɓin langa-langa da suka yi sako-sako aka kama su da sukurori uku-uku. Sannan aka zo kan mastik, wani abu mai kauri ruwan toka da ake sayarwa a bokiti, kuɗinsa bai kai na cefanen kwana biyu ba. Sai an goge ƙura tukuna, in ba haka ba ba ya kamawa. In tsaga ta fi kwatan inci faɗi, a fara shimfiɗa ragar zaren gilashi kafin a shafe. Wurin da za a riƙa buɗewa, kamar bakin matatar ƙurar, ba a sa masa mastik, murfi ake nema masa. In kuma dole sai salatif, to na alminiyom mai lambar UL 181 a jikinsa.

Baba ya ba ni burushi, na ga yana ɓata mini lokaci, na sa safar hannu na dumbuzo da hannu. Ina shafa na farko sai hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Yaɓe ne. A gidan kakanmu cikin birni, duk shekara kafin ruwan farko sai an kwaɓa ƙasa an bi soraye da katanga ana toshe tsaga, mu yara muna miƙa kwaɓi. Ni da nake gudun a gan ni da ƙasa a hannu tun da na shiga sakandare, ga ni kwance da baya a ƙarƙashin gida a Minisota ina yaɓe, kuma wallahi daɗi nake ji.

Abu biyu ya hana ni taɓawa. Na farko bututun da ke fitar da hayaƙin gas waje, ya ce wannan ba hurumina ba ne, na masu lasisi ne. Na biyu, ya ce in na ga wani farin naɗi kamar takarda a jikin tsohon bututu, kada in kankare, yana iya zama asbesto, ƙurarsa kuma huhu take ci. Da muka gama ya sake kunna tsinke ya kai gindin bututun hayaƙin tankin ruwan zafi, ya tabbatar hayaƙin sama yake bi, ba dawowa ɗaki yake ba, domin toshe ɓaraka na sauya yadda iska ke jan juna a gida. Ya ƙi karɓar ko sisi. Tuwon shinkafa da miyar kuka kawai ya ci, ya ce rabonsa da daddawa ta gaske tun bara.

Bututun da ke cikin bango hannu ba ya kai musu. Akwai kamfanonin da ke toshe duk ragogin gida su hura wani danko ta ciki ya je ya liƙe ramukan da kansa, su auna kafin da bayan aiki. Na tambayi kuɗin, na ce a kai kasuwa. Daga baya ne na ji cewa tun 1976 gwamnatin tarayya ke da shirin gyara wa masu ƙaramin ƙarfi gidajensu don rage kuɗin makamashi, kyauta. Mutanenmu da yawa sun cancanta, amma kunyar a ce suna neman taimako ta hana su cika takarda. A ganina wannan kunyar asara ce kawai, harajinsu na ciki.

Daren ranar auta ta koma ɗakinta, da asuba na tarar ta ture bargo. Takardar gas ta ragu, ba wai ta zama ta banza ba, don tagoginmu tsofaffi ne, su ma da nasu labarin. Sauran rabin bokitin yana wajen wani yaro ɗan Damagaram da ya kama haya kusa da mu, har yau bai dawo da shi ba.

Washegari Lahadi na kira Hajiyarmu a waya. Ta ce jiya ta neme ni ba ta samu ba, ina na shiga? Na ce, "Hajiya, ina ƙarƙashin gida ina yaɓe." Ta yi shiru, na zaci layin ne ya yanke. Can sai ta ce, "Yaɓe? Kai ɗin? To da ka san shi za ka je yi, ai da ka tsaya, katangar bayan gida tun damina biyu take jiran mai yi."