Layuka takwas a kan dodon hoto

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kan ganiyarsa, na wanke fim ɗina na uku na baƙi da fari a banɗakin gidanmu, na ɗaga shi wajen hasken taga yana ɗigar ruwa, sai gabana ya faɗi. Sararin samaniyar da na ɗauka daga kan Dutsen Dala, wanda ya kamata ya fito sumul, ya zama tamkar tsakiyar zanen saƙi, domin wasu baƙaƙen layuka sun taso daga gefen fim ɗin sun nufi tsakiyarsa. Fim ɗin HP5 Plus ne na kamfanin Ilford, maganin wankin kuma ID-11, kuma na bi lokacin da ke jikin takarda, don haka nan take na ɗora laifin a kan kyamarar, wadda dama ta hannu na saye ta.

Na kai dodon hoton wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana wankin hoto tun kafin zuwan kyamarar zamani. Bai ko taɓa kyamarar ba. Ya sa tabarau, ya kara fim ɗin a jikin farar takarda, ya ce, "Ɗana, ƙirga min layukan nan a hoto ɗaya." Na ƙirga na ce, "Takwas ne, Baba." Ya ce to in ƙirga hujojin da ke gefen hoton, su ma takwas. Daga nan ya bayyana min cewa da haske ne ya kutsa cikin kyamara, da baƙin ya haura har bakin fim ɗin, wurin da babu hoto, kuma ba zai yi daidai da hujoji ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne na riƙa girgiza tankin da ake wanke fim a cikinsa kamar mai dama fura, maganin yana ratsa hujojin da ƙarfi, wuraren da ke kusa da su suna samun sabon magani fiye da sauran fim ɗin, suka yi duhu fiye da kima.

Kamar yadda aka saba, wanda maciji ya sara idan ya ga tsumma sai ya gudu. Na koma ɗaya ɓangaren gaba ɗaya: na samo Rodinal, maganin nan na Jamus da ake sayarwa tun 1891, na tsinka shi kashi 1 cikin ruwa kashi 100, na girgiza a minti na farko kawai, na bar tankin a ajiye har awa guda. Layuka suka sake fitowa, amma wannan karon fari-fari ne, kuma suna gangarowa ƙasa daga wuraren da hoton ya fi duhu. Sai da na yi karatu na fahimci dalilin. Fatar fim tana ɗauke da sinadarin azurfa haɗe da buromayid, kuma idan magani ya mayar da shi azurfa tsantsa, buromayid ɗin yakan fito ya gauraya da maganin da ya riga ya gaji. Wannan haɗin ya fi sabon magani nauyi, kuma yana rage saurin wanki, don haka idan ba a motsa tankin ba sai ya zurara ƙasa a jikin fim ɗin, ya bar sawu mai haske duk inda ya bi. Akwai masu yabon wannan hanya ta barin tanki a ajiye, amma a ganina caca ce, musamman ga fim mai hujoji, kuma musamman a ɗaki mai zafi.

Daga ƙarshe na koma ga abin da Ilford suka rubuta tun farko, wato a kifa tankin a mayar da shi sau huɗu cikin daƙiƙa 10 na farko, sannan a maimaita haka a farkon kowane minti. Na ƙara da ɗan murɗa tankin yayin kifawa don kada maganin ya riƙa bin hanya ɗaya, kuma duk lokacin da na ajiye shi nakan buga gindinsa a kan tebur sau biyu domin kumfar iska ta saki fim ɗin, tunda ita ce ke barin ƙananan ɗigo masu da'ira.

Layukan sun tafi, sai kuma wata matsalar ta ɓullo, wadda ta fi ba ni wahala. Gefe ɗaya na fim ɗin, tun daga hoton farko har na ƙarshe, ya fito da wani siririn ɗamara mai haske. Tankina na Paterson ne mai ɗaukar kwarkwaro biyu, wato abin da ake naɗe fim a jikinsa, ni kuma ɗaya nake sakawa, ina auna mililita 290 cif kamar yadda aka rubuta a gindinsa. Na cika shi da ruwa zalla, na kifa shi sau da yawa, na buɗe murfin, sai na tarar kwarkwaron ya zame sama a jikin sandar tsakiya, bakinsa ya fito daga cikin ruwan. Fim a tsaye yake zama cikin tanki, shi ya sa ƙarancin magani ke bayyana a gefe ɗaya kawai. Yanzu nakan ɗora kwarkwaro na biyu, ko da babu komai a cikinsa, don ya danne na ƙasa, kuma nakan zuba 350.

Zafi ma yana da nasa kason. An tsara lokutan wanki ne a kan digiri 20, inda HP5 Plus ke buƙatar minti 13 a ID-11 da aka raba daidai da ruwa. Ruwan tankinmu na saman rufi kuwa ya kai digiri 31 da rana, kuma da na rage lokacin daidai da zafin sai ya faɗo ƙasa da minti 5, abin da Kodak ma suke gargaɗi a kansa, domin daƙiƙoƙin da ake ɓatawa wajen zubawa da juyewa sun isa su bambanta ƙasan fim da samansa. Na sayi ƙanƙara, na riƙa sanya kwalaben magani da tankin kansa cikin roba mai ruwan sanyi, da ma'aunin zafi a ciki, kuma na mayar da aikin zuwa bayan sallar asuba.

Tabo ɗaya ne kawai na iya gyarawa bayan an gama, shi ne wani hazo mai kama da madara da ya taɓa rage a tsakiyar fim saboda fiksa, wato maganin da ke tabbatar da hoton bayan wanki, ta tsufa. Na haɗa sabuwa, na mayar da fim ɗin ciki na minti 5, ya washe. Sauran kuwa sun zauna daram.

Don in tabbatar da gyaran, na sadaukar da fim guda, na ɗauki farin bangon tsakar gida sau goma sha biyu ba tare da komai a gabansa ba, tunda fili sumul ba ya ɓoye aibi. Na wanke shi a digiri 20, na rataye shi a banɗaki bayan na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Da ya bushe na kai wa dattijon, ya juya shi gaba da baya a jikin farar takardarsa, ya nuna min wani ɗan tabon ruwan rijiya a hoto na tara, ya ce in nemi tataccen ruwa don ɗauraya ta ƙarshe.